Yadda na shiga Jamestown, unguwar masunta ta Akra, tun daga katin rigakafi har kifin banda

Tun da na dawo daga Gana 'yan uwa da abokai ke ta tambayata wai wajen nan na kwale-kwale da na ɗauko hotonsa ina ne, ta ina ake bi, nawa ake kashewa, wasu ma sun ɗauka Legas ne. To ba Legas ba ne, Jamestown ne, tsohuwar unguwar masunta da ke bakin teku a birnin Akra, kuma maimakon in yi ta maimaita magana ɗaya ga kowa gara in zayyana ta gaba ɗaya yadda ta faru, saboda wajen ba shi da ƙofar shiga ko teburin sayen tikiti amma yana da ƙa'idojinsa da ba a rubuta su ko'ina ba, wanda bai san su ba zai je ya sha rana, a karɓe masa kuɗi, ya dawo bai ga komai ba.

Abu na farko takardu, kuma tun daga gida ake gama su. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Gana, fasfonka na ECOWAS ya isa, za su buga maka hatimin zama har kwana 90. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato yalo kad. A intanet ake biyan kuɗinsa, ka buga takardar shaidar biya, sannan ka je ofishin lafiya na filin jirgi da fasfonka a yi maka allura a ba ka katin. Ni na je da safe na tarar da layin masu tafiya Umara, na zauna a benci har wajen azahar kafin a kira ni, allurar kanta ko minti biyu ba ta ɗauka ba. Abin lura shi ne sai allurar ta yi kwana 10 a jikinka sannan katin yake fara aiki, don haka kar ka bari sai ana gobe tafiya. Daɗin abin in ka yi sau ɗaya ya isa har iya rayuwa, kawai kar ka yar da katin, ni roba na sa na ɗaure shi a cikin fasfo.

Ta hanya na bi don kuɗin jirgi ya fi ƙarfin aljihuna. Daga Kano motar dare zuwa Legas, na kwana wajen wani abokina, da asuba na shiga mota mai zuwa Akra kai tsaye. Za ka bi Badagiri, ka ƙetara Seme ka shiga Benin, ka ratsa Kwatano, ka ƙetara Hilakonji ka shiga Togo, ka bi gefen teku a Lome, sai Aflao wadda ita ce ƙofar Gana. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma wuni guda cur za ka yi, tsayuwar boda ce ke cinye lokacin, kowace boda a fitar da ku a buga fita a buga shiga a duba katin rigakafi. In motar kamfani ce yaron mota ne ke tattara fasfo ya bi tebur-tebur, kuɗin yana cikin tikiti, wannan ya fi kwanciyar hankali. A wani tebur daga cikin bododin nan an ware mu masu sabon fasfo da ba a taɓa buga masa hatimi ba, aka ce sai mun ba da wani abu na musamman, ba rasit ba komai, wata Hajiya 'yar kasuwa da ta saba hanyar ta ce min ƙanena kar ka tsaya musu motar za ta tafi ta bar ka, ka ba su ƙananan kuɗi ka wuce. Saboda haka ka riƙe canjin sefa da naira a aljihun gaba, manyan kuɗi kuma su yi nisa da ido. Wani abu kuma, da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, Gana ma haka, ka gyara wayarka don kar lokutan salla su ruɗe maka. Daga Aflao za ka ƙetara kogin Volta a gadar Sogakope, mu sai bayan isha muka shiga gari.

Ɗan kawuna ne ya tare ni a Tudu, cikin garin Akra, ya wuce da ni unguwar Nima inda suke zaune. Wanda bai taɓa zuwa Nima ba ba zai gane ba, ka yi tafiyar ƙasa huɗu sannan ka sauka ka ji mai shayi yana maka sannu da zuwa da Hausa, ga kiran salla ta ko'ina, ga masu koko da ƙosai da safe. A nan na canza kuɗi wajen 'yan canji, su ma Hausa muka yi, na karɓi sidi ƙanana da yawa bisa shawarar ɗan kawun nawa. Da dare muna cin abinci na ce ina so a kai ni wajen masunta ranar Talata don ita ce ranar da ba ni da abin yi, sai matar kawuna ta yi dariya ta ce ɗana in ka je Talata sai dai ka kalli masu ɗinkin koma. Ashe al'adar mutanen Ga ce, waɗanda su ne 'yan asalin Akra, ba a shiga teku ranar Talata, ranar hutun teku ce a wajensu, kuma haka abin yake a yawancin garuruwan masunta na gaɓar Gana. Ta ƙara da cewa kifi ya fi yawa daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ruwa ke yin sanyi, amma kuma daga 2019 gwamnati ta fara hana kamun kifi na wata guda ga masu kwale-kwale a wasu shekarun don kifi ya hayayyafa, yawanci a Yuli, saboda haka mai zuwa a wannan tsakanin ya tambayi na gari kafin ya taso. Muka tsayar da Alhamis.

Bayan sallar asuba muka fita, muka shiga tirotiro, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, zuwa cikin gari, kuɗin 'yan sidi ne kawai, daga nan muka tari tasi ta bi da mu High Street. Ana iya kiran Bolt ko Uber tun daga gida in mutum ba ya son sauye-sauyen mota. Alamar da za ka ce a sauke ka ita ce hasumiyar fitilar jiragen ruwa, doguwa mai fenti ja da fari, ba mai tasin da bai san ta ba. Ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba samari uku suka kewaye mu, kowa yana cewa shi ne ɗan jagora na unguwa, ɗaya har da wani kati a rataye a wuya, ɗaya kuma yana cewa ba a sauka bakin ruwa sai an biya kuɗin al'umma. Nan ne wajen da yawancin baƙi ke rikicewa, wasu su ji tsoro su biya duk abin da aka ce, wasu su fusata su ce ai bakin teku na Allah ne su kutsa kai su kaɗai, sai su ga kowa ya ɗaure musu fuska, da sun ɗaga waya a yi musu tsawa. Gaskiyar magana kana buƙatar ɗan unguwa, da ɗan gari akan ci gari, amma mutum ɗaya za ka zaɓa kuma a gama magana kafin a ɗaga ƙafa. Ɗan kawuna ya ja mai ɗan shekarun cikinsu gefe, ya lissafa masa abin da muke so, hasumiya, bakin ruwa, gidajen tarihi biyu da kasuwar Salaga, ya tambaye shi nawa ne duka, har da duk wanda za a gaisar a hanya. Ya ce sidi 300, muka taya 100, aka daidaita a 150, rabi yanzu rabi in an gama. Da sauran biyun suka ga an ƙulla sai suka watse ba wata hayaniya.

Mai makullin hasumiyar bai zo ba tukuna, muka ɗan jira a gindinta muna kallon yara na buga ƙwallo a filin da ke gaban fadar sarkin unguwar. Da ya zo muka ba shi na goro ya buɗe. Matakalar murɗaɗɗiya ce kuma matsattsiya, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura, tsayinta mita 28 ne. Turawan Ingila sun fara gina fitila a wajen a 1871, wannan da ke tsaye yanzu ta shekarun 1930 ce. Amma in ka kai sama ka fita barandar, wallahi gajiyar ta biya, don daga nan ne za ka fahimci yadda garin ya samu. Ga James Fort a ƙarƙashinka, tsohon gidan tsaro da fatauci wanda Ingilishi suka gina a 1673, ɗan gaba kaɗan ta gabas ga Ussher Fort na mutanen Holand tun 1649, can kuma wajen Osu akwai na mutanen Denmak da ake kira Christiansborg. Wato ƙasashen Turai uku kowa da gidansa a bakin gaɓa ɗaya, tafiyar ƙafa tsakaninsu, suna gasar sayen zinariya da bayi, unguwannin da suka taru a gindin kowane gida su ne suka haɗe suka zama Akra, wadda Ingila ta mayar hedikwatar mulkinta na Gold Coast, wato Gana ta yau, a 1877 bayan ta taso daga Cape Coast. Jagoran namu ya nuna mana tsohuwar katangar tare igiyar ruwa, ya ce a da manyan jirage ba sa iya matsowa, can nesa suke tsayawa, sai ƙarfafan matuƙa su ɗauko kaya da fasinja a jiragen katako suna kokawa da igiya har gaɓa. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar jiragen ruwa ta garin Tema a 1962, daga nan harkar jirage ta bar Jamestown, kamfanoni suka kwashe, aka bar unguwar da manyan tsofaffin gine-gine masu ruɓewa da kuma sana'ar da suka gada tun kafin zuwan Bature, wato kamun kifi.

Daga nan muka gangara bakin ruwa. A gefe guda akwai sabuwar tashar masunta da aka gina da tallafin ƙasar Sin aka ƙaddamar a 2024, mai katanga da get, kuma kafin a fara aikinta an rushe rumfuna da ɗakunan katako da yawa na mutanen da ke zaune a bakin ruwan, maganar da har yanzu in ta taso za ka ji muryoyi sun ɗaga. Mu wajen yashi muka nufa inda kwale-kwale suke. Kafin komai jagoran ya kai mu wata rumfa inda dattawa ke zaune, ya ce nan ne mazaunin sarkin masunta da mutanensa, su ke raba gardama tsakanin masu jirage, su ke kula da rabon man inji mai rangwame da gwamnati ke ba masunta. Muka gaisa da hannu ɗaya bayan ɗaya daga dama zuwa hagu yadda suke yi, ya gaya musu baƙo ne daga Najeriya ya zo ganin gari kuma zai sayi kifi, wani dattijo ya ɗaga kai ya ce min sannu da zuwa da Hausarsa ta 'yan koyo, aka yi dariya, shi ke nan an ba mu hanya. Wannan gaisuwar ta minti biyar ita ce tikitin gaske. Game da hoto kuwa, ka ɗauki teku da jirage yadda kake so, amma kar ka saita mutum sai ka tambaya, musamman mata masu kifi da yara, sun gaji da masu zuwa su ɗauki talaucinsu su tafi da shi, kuma ni dai ban ga laifinsu ba.

Kwale-kwalen nan ba irin namu na Yawuri ko Baga ba ne. Gindinsa gungumen itace ɗaya ne da suke kira wawa, daga dajin cikin ƙasa ake sassaƙo shi a kawo, sannan a ɗora masa katakai a gefe ya yi zurfi, babba yana ɗaukar mutum goma sha wani abu da koma da jarkokin mai, inji kuma a gefe ake maƙala shi wajen baya. Kowanne an yi masa fenti da rubutu, wani ayar Baibul, wani habaici ga maƙiya, wani tutar Jamus ko Barazil ko tambarin Chelsea, ba don mai shi ya taɓa zuwa can ba sai don a gane jirginsa tun daga nesa. Muna tsaye wani ya shigo daga kwanan teku, nan take wajen ya rikice kamar 'Yankaba da asuba in motocin tumatir sun iso. Samari suka faɗa ruwa har ƙirji da manyan daro a ka, a cika musu su fito da gudu ruwa na zuba a fuskarsu su juye su koma, ladansu ba kuɗi ba ne, 'yan kifaye ake ba su su sayar. Mata kuma na tsaye a gaɓa kowace ta san daronta. Na ce bari in matsa in taya tun daga bakin jirgi ko zan samu da araha, jagoran ya riƙe hannuna ya ce ba a haka. Yawancin jiragen nan matan ne ke ba da kuɗin mai da na abinci kafin a fita, wasu ma su ne masu jirgin, don haka kifin tun yana cikin ruwa da mai shi, kai baƙo a hannun mace za ka saya bayan ta karɓa.

To a nan ne aka zo maganar kuɗi da nake so kowa ya riƙe. Na nuna wasu jajayen kifaye manya guda huɗu da wani dogo mai haƙora da suke kira barakuda, na tambayi matar nawa, ta dube ni ta ce miliyan uku. Gabana ya faɗi, na juya zan tafi, ɗan kawuna ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce Yaya tsaya, sidi 300 take nufi. Abin da ya faru shi ne a 2007 Gana ta sauya kuɗinta ta cire sifili huɗu, tsohon sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, amma har yau mutanen kasuwa da yawa, musamman manya, da tsohon lissafi suke magana. In an ce maka miliyan ɗaya sidi 100 ne, dubu ɗari kuma sidi 10. Hanya mafi sauƙi ka fito da waya ka rubuta adadin ka nuna mata, ita ma ta rubuta nata. Muka yi ta ja, ina ce mata Anti ki rage, tana ɗaga kifin tana buɗe min kunnensa in ga ja ne jawur, tana danna jikinsa da yatsa in ga naman ya dawo bai lotsa ba, ga ido garau ba hazo, daga ƙarshe ta sallama a 220 ta ƙara min da ƙaguwa biyu gyara. Ba sikeli a wajen, da ido da daro ake ciniki, kuma farashi yana bin yawan abin da jirage suka kawo a ranar, abin da na biya ba lallai shi za ka biya ba.

Kusa da ita akwai masu gyara, su kankare ɓawo su fasa ciki su yanka, na ba da sidi 20. Daga nan aka kai mu wajen wata mai suya a lungu na sama, ta soya mana biyu a kan sidi 30, sauran aka zuba mana ƙanƙara a leda. Abin da ake cin kifin da shi shi ne dokunu, wanda a allunan gari za ka ga an rubuta kenkey, ƙullun masara ne da aka bari ya yi tsami aka naɗe a ɓawon masara aka dafa, sai ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa, sai kuma shito, baƙin yaji mai mai da ake soyawa da garin busasshen kifi da jatan lande. Loma ta farko tsamin zai dake ka, ta uku ka saba, kuma yana da nauyi, dunƙule ɗaya ya riƙe ni har magariba. Ga masu ƙyanƙyamin ƙaguwa da jatan lande da dorinar ruwa mai hannuwa takwas, wannan dai ra'ayin baki ne ba na addini ba, hadisin da ke cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne yana nan cikin Muwaɗɗa. Inda ya kamata ka sa ido shi ne mai, don a unguwar ana cin alade sosai, ana gasa shi ana sayarwa a bakin titi, saboda haka ka tambayi mai suya ko kifi kaɗai take soyawa a kaskonta. Tamu kifi kaɗai take yi, kuma ba ta ji haushin tambayar ba, ta ce ta saba da mutanen zango.

Muna ci wani tsohon masunci da ke ɗinkin koma a gefe, ya maƙale zaren da babban yatsan ƙafa yana saƙa da wata allurar roba ko kallon hannunsa ba ya yi, ya shiga ba mu labari jagoran na fassarawa. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa in damina ta yi ƙananan kifin nan na sadin har rasa inda za a zuba su ake yi, yanzu kuwa sai a ƙona mai a kwana a ruwa a dawo da leda da robobi fiye da kifi. Ya ɗora laifin kan manyan jiragen kamfani masu jan koma ta ƙasa da ke kwashe har 'ya'yan kifi su daskarar su sayar a ɓoye a tsakiyar teku, harkar da suke kira saiko, amma da ɗan kawuna ya tsokane shi ya ce su fa masu kunna fitila da dare don tara kifi, sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Rana ta fara zafi muka hau James Fort. A gidajen tarihin nan akwai ma'aikaci da littafin baƙi, baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, ka biya a tebur ka karɓi rasit, wannan daban yake da kuɗin jagoranka. Ginin ya tsufa ƙwarai, wani wajen rufin ya zube, amma abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne gidan bai daɗe da daina aiki ba, bayan zamanin bayi kurkuku aka mayar da shi kuma an ci gaba da tsare mutane a ciki har 2008, rubuce-rubucen fursunoni na nan a bango. A nan aka ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki aka yi zaɓen Fabrairun 1951 ya ci kujerar Akra jam'iyyarsa ta yi rinjaye, dole Turawa suka buɗe masa ƙofa ya fito ya karɓi jagorancin gwamnati, shekara shida bayan nan Gana ta samu 'yanci. Ɗakunan ƙasa kuwa duhu ne da zafi da wani wari na danshi, ban iya daɗewa ba na fito. Ussher Fort ma kurkuku ya zama daga baya, Holand ta miƙa wa Ingila shi a 1868, akwai ɗan ƙaramin gidan adana kayan tarihin cinikin bayi a wajen, da sarƙoƙi da mari da zane-zane. Duka gidajen suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979, ko da yake wanda ya ga na Cape Coast da Elmina zai ce waɗannan an bar su a baya. A tsakaninsu akwai wani lungu da ake kira Brazil Lane inda gidan mutanen Tabom yake, 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Barazil a shekarun 1830, da yawansu Musulmi, sarkin Ga ya ba su wajen zama, suka shahara da ɗinki da haƙar rijiya.

Inda na fi daɗewa ita ce kasuwar Salaga, ba don tana da wani kyau ba, kasuwar unguwa ce ta kayan miya da gawayi da busasshen kifi. Sunan ne ya tsayar da ni. Duk Bakanon da ya taso yana jin labarin fataken Gwanja ya san Salaga, can arewacin Gana, inda kakanninmu ke kai kanwa da tufafi da fatu su ɗauko goro. Amma Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa ba, babbar kasuwar bayi ce, kuma mutanen da aka kamo daga arewa ana gangarowa da su har nan bakin teku, shi ya sa wannan kasuwar ta ci sunan. Wato labarin da na gani a ɗakunan ƙasan nan ba na wasu mutane can ba ne, da hannun mutanenmu a fataucin, da kuma mutanenmu cikin waɗanda aka sayar. Wani tsoho mai sayar da tasbaha da turare a bakin kasuwar, da na ce masa Baba daga Kano nake, ya matsa min benci ya ce zauna ɗana. Shi ya tuna min cewa Hausawa sun daɗe a wannan yankin tun kafin a san da Nima, wasu sojan Baturen Ingila Kyaftin Glover ne da aka kawo daga Legas yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 suka zauna, wasu fatake da malamai ne da suka gangaro musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa garin, kuma daga tsohon zangon cikin gari ne Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Ko Alhassan Ɗantata mahaifiyarsa a Akra ta zauna, shi ma ya yi zamani yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon doguwar hanyar ayari. Shi ya nuna mana masallacin da muka yi azahar, don a bakin ruwan kansa ban ga wajen alwala mai tsafta ba, gara ka hau cikin gari. A hanya muka ratsa Bukom, unguwar 'yan dambe da ta fitar da su Azumah Nelson da Ike Quartey, muka leƙa wani wajen atisaye na minti kaɗan, muka cika wa jagora kuɗinsa na ƙara masa 20 don bai ja mu shagon kowa ba.

Kifin tsaraba kuwa ba ɗanye za ka ɗauka ba, hanya za ta lalata shi. Washegari matar kawuna ta raka ni Chorkor, yamma da Jamestown bayan an ƙetara tafkin Korle, inda mata ke banda. Murhunsu na laka ne mai faɗi, ana jera faifan katako masu ragar waya a kai ɗaya bisa ɗaya har goma ko fiye, hayaƙi na ratsa su duka da itace kaɗan, a wannan unguwar aka ƙirƙiro shi wajen 1969 kuma har yau da sunanta ake kiransa a ƙasashe da yawa. Banda iri biyu ce, akwai mai taushi ta awoyi kaɗan wadda ake ci a kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma wadda aka bar ta ta bushe ƙarau. Ka gaya musu tafiya za ka yi mai nisa, ka karya ɗaya ka gani, in ya karye ƙas ba danshi a ciki shi ne naka.

In zan ba mai niyyar zuwa shawara, ya isa bakin ruwa kafin ƙarfe bakwai, ya sa takalmin da ba ya tsoron ruwa da ƙazanta don gaskiya gaɓar akwai shara, ya bar agogo mai tsada da babbar jaka a masauki, fasfo ma hotonsa a waya da kwafi a aljihu sun wadatar a cikin gari. Kar ya shiga ruwan da sunan wanka, igiyar wajen tana ja. Wanda ya zo a Mayu zuwa Yuni zai tarar da wata guda na hana kiɗa da hayaniya da sarakunan Ga ke sawa kafin bikin Homowo, har lasifikar masallatai da coci ake ragewa, a Agusta kuma bikin kansa ake yi, unguwar ta cika maƙil, kyan kallo amma ba lokacin cinikin kifi cikin natsuwa ba ne. Kifin banda kuma kar a ƙulle shi a leda, gumi zai yi ya yi fumfuna kafin a kai Seme. A takardar siminti mai tsafta ko jarida aka naɗe min nawa aka sa a kwali aka huda gefe-gefe, kuma na tsaya a daidai na ci da rabon gida, don in ya yi yawa a boda za a ce kayan sayarwa ne a fara maganar haraji. Da na iso Kano aka baza shi a rana wuni ɗaya, aka ɗan yayyafa masa garin barkono saboda ƙwari, sannan aka raba wa maƙwabta.